Da'irar Baba Mai Zane

Kawuna, yayan mahaifiyata, a ɗaki guda ya yi aikinsa tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. Ɗakin yana hawa na biyu a ofishin da ke kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Taga ɗaya gare shi, mai kallon wurin ajiye motoci, da tebur mai gangara wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da guntun katako, da wata doguwar durowa mai faffaɗan aljihuna inda ake kwantar da takardu ba tare da an naɗe su ba. Yanzu ɗakin ya zama wurin tara karyayyun kujeru, amma in na buɗe ƙofar har yau ina jin ɗan warin tawada. A ofishin ba mai kiran Kawu da sunansa. Baba Mai Zane ake ce masa, har shi Darakta.

Aikin nasa ba shi da wuyar bayani. Ofishin yana da rijiyoyin gwaji a warwatse, wasu a bayan makarantu, wasu a gefen gonaki, wasu a tsakiyar unguwanni. Ba a shan ruwansu, ana zura igiyar awo ne kawai a ga inda ruwa ya tsaya. Kowane wata sai mai awo, wani abokin Kawu da ake kira Mai Igiya, ya zaga da tsohuwar motar ofis ya kawo lambobi, Kawu kuma ya mayar da lambobin zane. Kowace rijiya da shafinta. Watanni a jere daga hagu zuwa dama, mitoci daga sama zuwa ƙasa, ɗigo ɗaya ga kowane awo, sannan layi ya bi ɗigogin ya haɗe su. In ka ƙura wa shafin ido sai ka ga ruwan yana hawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci.

Layin kam kowa zai iya ja da rula. Abin da Kawu ke taƙama da shi alamomi uku ne da yake ɗorawa a kan zanen, kuma suna da tarihi.

Lokacin da aka buɗe ofishin, an kawo wani injiniya daga ƙasa mai nisa, wanda suka laƙaba wa Dogo. Ba ya jin harshensu, su ma ba sa jin nasa. Akwai tafinta, amma shi ne kuma mai kula da sito, don haka rabin yini ba a ganinsa, in kuma an gan shi, mutum ne da ba ya son ɓacin rai. Wata rana Dogo ya dangwala yatsa a kan wani ɗigo, ya yi ta surfa magana, jijiyoyin wuya a tashe. Da ya gama, tafinta ya juyo ya ce wa Kawu, "Ya ce aiki ya yi kyau, a ƙara ƙoƙari."

Dogo bai ji abin da aka faɗa ba, amma ya ga Kawu yana murmushi, ya gane an yi masa kwana. Sai ya fizgi fensir ya zagaye ɗigon da da'ira, ya nuna ƙofa, ya yi kamar yana zura igiya a rami. Tun daga ranar da'ira ta zama magana: awon nan akwai shakka, a koma a sake. Daga baya akwati ya shigo, wanda ake yi wa ɗan duhu a ciki, ma'anarsa watannin nan igiya ta tsinke ko hanya ta yanke, kada a yarda da layin da ya ratsa wurin. Ta ukun kuwa ƙwai ne a kwance. Dogo ya zana shi ranar da wata rijiya ta ƙafe, ya karkaɗe tafin hannunsa. Ƙwai na nufin rijiya ta mutu, a cire ta daga zagaye.

Dogo ya koma ƙasarsu tun ban san kaina ba. Alamominsa suka zauna. Kafin kowane zagaye Mai Igiya yakan karɓi shafuka ya ɗora a kan sitiyari, kallo ɗaya ya ishe shi sanin inda zai tsaya da inda zai wuce.

Kawu ba ya amfani da kamfas, ƙarfen nan na zana da'ira. Da hannu yake yin da'irarsa, juyi ɗaya, alƙalami bai ɗaga ba, kuma bakin layin ya dawo ya haɗu da inda ya faro. Mai Igiya yakan kifa murfin kwalbar tawada a kai don neman aibi.

"Wata rana sai na kama ka," in ji shi.

"Ka fara kama awonka tukuna. Rabin da'irorin nan kai ka jawo su."

Ni kuma na tafi karatu nesa, na daɗe, har na fara mafarki da harshen mutanen can. Da na dawo sai aka ɗauke ni a wannan ofishin, aka ce in mayar da lissafin rijiyoyi da zanensu cikin kwamfuta. Ranar da na fara aiki na haura sama gaida Kawu. Na tarar ya kifa murfin kwalbar tawada a kan takarda yana bin gefensa da alƙalami. Da ya gan ni ya tura murfin ƙarƙashin rula. Na gaishe shi. Da ya miƙo mini hannu na ji yana rawa.

A ƙarshen wannan watan Kawu zai ajiye aiki. Darakta, mutum mai sauƙin kai amma ba ya son jan magana, ya kira mu ya faɗi matsayinsa. Daga yanzu shafuka daga firinta za su fito. In an iya shigar da alamomin Baba cikin na'ura kafin ya tafi, madalla. In ba a iya ba, a bar su, a wuce wurin.

Da muka fito Kawu ya tsaya a kan matakala. "'Yata, ni ba na cewa a ajiye tebur ko a ajiye ni. Tebur ya tsufa, ni ma haka. Amma abubuwan nan uku, in da hali, kada su riga ni fita daga ginin nan."

Na ce masa abu ne mai sauƙi. A lokacin haka na zata.

Lissafin na rubuta shi da wani harshen kwamfuta mai saurin sarrafa lambobi, wanda na saba da shi a makaranta. Kayan zanen da na fi yarda da su kuwa, waɗanda wasu suka daɗe da tanada kowa yana ɗauka yana amfani, da wani harshen daban aka rubuta su. Tsakanin biyun akwai wata 'yar manhaja da ke karɓar magana daga wannan ta miƙa wa wancan. Ɗigo ya wuce lafiya. Layi ya wuce lafiya. Da na ce a yi da'ira, sai amsa ta dawo cewa ba a san wani abu mai wannan suna ba.

Kawu ya jawo kujera ya zauna a gefena, ya sa na bayyana masa sau biyu. Sai ya kwashe da dariya har yana share ido.

"Wato tafinta kika ɗauka?"

"Kusan haka ne, Kawu."

"Allah Sarki. Ashe har cikin ƙarfe sun bi mu. Duba sito, yana can."

Da wasa ya faɗa, amma bai yi nisa da gaskiya ba. Kayan zanen kamar gida ne mai ɗakuna. Tafintan yana kawo abin da ke falo ne kawai, siffofi kuwa, da'ira da akwati da sauransu, suna wani ɗaki na ciki, sai ka ambaci sunan ɗakin ka ce a buɗe shi. Na yi haka. Wannan karon ba a yi mini gardama ba, amma shafin ya fito fayau, ba da'ira ba alamarta. Na yi ta dubawa kafin na gane cewa an ƙera da'irar, tana nan a riƙe, ba a dai ɗora ta ba. Ƙera siffa umarni ɗaya ne, ɗora ta a kan zane wani umarnin ne daban.

"Ya ce aiki ya yi kyau, a ƙara ƙoƙari," in ji Kawu, yana kwaikwayon muryar mutumin da ban taɓa gani ba.

Da na ƙara umarni na biyun, sai ga ta. Na gwada ta a wani ɗan shafi wanda faɗinsa da tsayinsa ɗaya ne, na buga, na miƙa masa. Ya laluba aljihu ya fito da murfin kwalbar tawada, bai ma ɓoye ba wannan karon, ya kifa. Ya daɗe yana kallo.

"Ba ta da rai," ya ce, "amma da'ira ce."

Zagayen watan ya zo ranar da Kawu ya je asibiti a duba masa hannu. Na sa na'ura ta fitar da shafukan rijiyoyi gaba ɗaya a kan faffaɗar takardar da aka saba. Na ɗaga na saman na duba, akwatuna ne a kansu, sun zauna daidai. Sakatariya ta tattara ta zuba a jakar Mai Igiya, ya ta da mota ya tafi.

Ya dawo tun ba a fara sa ran ganinsa ba. Muna zaune da Kawu sai muka ji takunsa a matakala, a hankali, ba irin nasa ba. Ya shigo, ya zauna a kan kujerar baƙi, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Baba, sai haƙuri."

"Wa ya rasu?"

"Kai za ka tambaye ni? Ni dai na bi abin da aka ba ni. Amma in gaya maka gaskiya, tun da nake zura igiya ban taɓa ganin shekara irin wannan ba. Ta gefen gonar kabeji, ta bakin tasha, har ta bayan makaranta, wadda Dogo ya fara aunawa. Kowacce na wuce sai na rage gudu na ɗaga mata hannu."

Kawu ya miƙa hannu ya karɓi jakar. Ya zaro shafi ɗaya, ya zaro na biyu. A duk inda ya kamata a ga da'ira, ƙwai ne kwance, sumul, kamar kaza ta bi takardun tana ajiyewa.

"Kai, da ba ka ga sun yi yawa ba?" in ji Kawu.

"Na gani mana! Shi ya sa na kasa cin abinci. Shekara nawa kana ce mini in daina musu da takarda? Yau na daina, ka ga abin da ya faru."

Na so in yi dariya, na kasa, don na ga fuskar Kawu. Duk rijiyoyin da suka fi bukatar a koma musu, su ne aka tsallake. Awon ranar da aka saba yi musu ya tafi, ba kuma a mayar da rana baya.

Darakta bai yi faɗa ba. Ya jera shafukan a teburinsa ya ce, "Baba, ka san girmanka a wurina. Amma alamar da ɗan matsi kaɗan zai juya ta daga 'koma' zuwa 'kada ka koma', ba zan iya sa hannu a kanta ba. A rubuta da kalmomi a ƙasan shafi, shi ke nan."

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Igiya, "rana na dukan gilashi, takarda na kan sitiyari, rami na gabana, wa zai tsaya karatu?"

"Sai ka tsaya ka faka."

Na juya ina jiran Kawu ya kare abinsa. Sai ya ce, "Darakta yana da gaskiya." Ya tashi ya koma sama. Da na bi shi na tarar ya fara zuba alƙalumansa a wani tsohon gwangwanin madara.

Na roƙi Darakta ya ba ni zuwa ranar da Kawu zai tafi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba abin da zai rage.

Dalilin ƙwan bai ɓoye ba da na zauna na duba. Da na ce wa na'ura ta yi da'ira, ta auna faɗinta da watanni, ta auna tsayinta da mitoci, don su ne ma'aunin zanen. A ɗan shafin gwajina wata ɗaya da mita ɗaya girmansu ɗaya ne a takarda, shi ya sa ta fito daidai. A faffaɗar takarda kuwa wata ya fi mita faɗi, sai da'irar ta miƙe ta kwanta. A lissafi ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. A ido ne ta zama ƙwai.

Na haura na bayyana wa Kawu. Ya ajiye gwangwanin.

"To ni ban taɓa tambayar da'ira wata nawa ce ba," ya ce. "Inda za ta zauna, ɗigo ke faɗa mini. Girmanta kuwa tsakanina da takarda ne."

Abin da ya kamata in gaya wa na'urar ke nan: cibiyar da'ira ta bi ma'aunin rijiya, faɗinta ya bi ma'aunin takarda. Kayan zanen sun san yadda ake haka. A harshensu, alamar tarawa kawai ake sawa tsakanin ma'aunan biyu. Amma ni daga wancan harshen nake magana, shi kuma lambobi ya san ana tarawa, ba ma'aunai ba, sai ya tsaya cak. Sai da na tono dogon sunan da aikin yake da shi a can ciki, na ba tafinta shi harafi bayan harafi, na ce ya miƙa yadda yake kada ya gyara. Kawu yana gefe yana fere fensir da ba wanda zai yi amfani da shi, lokaci-lokaci ya ce, "Kada ki sakar masa fuska."

Da ta fito, na buga ta a faffaɗar takarda, na buga a doguwa, na buga a wata 'yar siririya da na yanka da almakashi. Muka kira Mai Igiya ya zo da murfin kwalba. Ya kifa a ta farko, ya kifa a ta biyu, ya juya takardar ya sake kifawa.

"Wannan ma ba za ta kamu ba," ya ce. "Gadon gidanku ne."

Sai na buɗe sabon layi a kwamfuta na ce, "Saura ƙwai, Kawu. Faɗinsa ninki nawa ne na tsayinsa?"

Ya ajiye fensirin. Ya kalli taga.

"Kada ki koya mata."

"Amma alamomi uku ka ce."

"Na ce kada su fita daga ginin. Ban ce duka su shiga cikin ƙarfe ba. Da'ira tambaya ce, kowa ya yi ta. Akwati gargaɗi ne. Amma a ce rijiya ta mutu, sai wanda zai iya jin nauyin alƙalamin."

Da muka kai wa Darakta, ya juya takardun uku, ya saurari zancen ƙwan, ya daɗe yana buga biro a haƙori. Shi ba nauyin alƙalami ya dame shi ba. Abin da ya gani shi ne, in na'ura ba ta taɓa yin ƙwai da gangan, to duk ƙwan da ya fito daga firinta kuskure ne, kowa zai gane shi nan take, ba mai tsallake rijiya saboda shi. Ƙwai na gaskiya sai da tawada, da hannu.

"Ka ji, Mai Igiya? In ba ka ga tawada ba, ka tsaya ka zura."

"Ni da ma tsayawa nake so, ranka ya daɗe."

Darakta ya sa hannu.

Ranar ƙarshen Kawu a ofis, Mai Igiya ya dawo daga zagayen ramuwa da ya yi wa rijiyoyin da ya tsallake. Ya shigo da ƙarfinsa, yana karanto lambobi ina shigarwa, ta gonar kabeji lafiya, ta bakin tasha har ta ƙaru. Da ya zo ta bayan makaranta sai ya rage murya. Ya ce ya zura igiya har ƙarshe, ya jira, ya sake zurawa. Busasshen yashi ne ya biyo ƙarfen.

"Kazar taki mai saka ƙwai a takarda ta yi ƙarya a ko'ina," ya ce mini, "sai a nan."

Na buga shafin na kai sama. Kawu ya shimfiɗa shi a kan tebur mai gangara, ya danne kusurwoyi da rula da kofin shayi. A farkon shafin akwai ɗigon da Dogo ya auna da kansa, a ƙarshe akwai da'irar na'ura, tana tambaya. Ya zazzage gwangwanin madara ya zaɓi alƙalami, ya buɗe kwalba, ya tsoma. Hannun yana rawa har bakin alƙalamin yana ƙwanƙwasa gilashi. Mai Igiya ya matso zai riƙe masa takarda.

"Matsa, kana tare mini haske."

Ya ja numfashi, ya yi juyi ɗaya. Layin ya ɗan yi gargada a sama, ya miƙe ya kwanta, ya dawo ya haɗu da inda ya faro.

Mai Igiya ya leƙa. Ya saba neman aibi, bakinsa har ya buɗe, sai ya rufe.

Kawu ya hura tawadar ta bushe, ya ja aljihun durowa na ƙasa, inda shafukan matattun rijiyoyi suke, ya kwantar da shi a kan 'yan'uwansa. Alƙalamin da kwalbar bai mayar da su gwangwani ba. Ya bar su a bakin taga, ya ce wa Mai Igiya ya riƙa rufe murfin da kyau, tawadar tana saurin bushewa.